Baba Mai Rali

Duk wanda ya zauna a Badun, ko da na damina ɗaya ne, ya san ba domin mahaya keke aka kafa garin nan ba. Birni ne da ya haye kan tuddai ya miƙe ƙafa. Daga Mapo zuwa Oke Are, daga Mokola zuwa Agodi, babu unguwar da mutum zai shiga bai yi hawa ko gangara ba. Mu kuwa 'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, inda matafiyi kan hango rimin ƙauye tun da sauran tafiyar sa'a guda a gabansa. A can muka koyi keke, a kan na haya, lokacin da tsawonmu bai kai mu zauna a sirdi ba, sai dai mu zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya mu karkace, muna taka feda rabi-rabi, mai keken yana gindin darbejiya yana lissafa mana minti. Akwai cikinmu wanda har yau tabon faɗuwar farko yana nan a gwiwarsa.

A can ɗin kuma muka koyi wani abu game da keke wanda ba a faɗa da baki, wato shi abin hawan wanda bai samu ba ne tukuna. Malamin firamare kan hau shi har ya sami bashin babur, mai babur kuma idonsa yana kan mota, kuma ba a komawa baya sai in karayar arziki ta zo. Saboda haka ranar da labari ya isa gida cewa an ga ɗayanmu, mutum mai digiri uku, a kan keke a titin Ojoo, mahaifiyarsa ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba, sai ta ce a gaya mata gaskiya, korarsa aka yi daga aiki? Ba mu ga laifinta ba. Ai ko Cif Ojo Maduekwe, lokacin da yake Ministan Sufuri a 2001 ya yi kira ga 'yan Nijeriya su koma hawan keke, dariya aka yi masa, kuma da wata bas ta hankaɗa shi cikin rami a Abuja yana kan nasa keken, ƙaruwa dariyar ta yi.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ne ya tara mu. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cur, azuzuwa a kulle, albashi a tsaye, zaman gida ya ishi kowa. Wani abokin aikinmu Bayarabe, wanda likita ya tsorata da maganar hawan jini, shi ya fara fita da sassafe ranar Asabar, ya janyo mutum biyu, su ma suka janyo nasu. Kafin a janye yajin aikin mun kai goma sha biyu, biyar daga ciki masu jin Hausa: malamai biyu, ma'aikacin laburare ɗaya, da ɗalibai biyu masu neman babban digiri. Mu biyar ɗin nan ne "mu" na wannan rubutu, kuma mun yarda a tsakaninmu kada a ware wani da suna, domin abin da za a faɗa tare muka aikata shi.

Kekunanmu duk gwanjo ne, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a Ikko bayan Turawa sun gama yayinsu. Amma ko gwanjon ma sai da ya ba mu mamaki. Firam na alminiyam wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, taya siririya da faɗinta bai wuce milimita 25 ko 28 ba, ƙaho lanƙwasasshe kamar na ragon layya, giya 16 ko 18, har da mai 22. Muka sayi hular kwano da safar hannu da gorar ruwa. Wandon nan mai soso a gindi, wanda ke manne wa jiki, shi ya ba mu wahala, domin babu wanda ya ga fuskar da zai fita da shi ya ratsa ta gaban masallaci. Daga ƙarshe muka riƙa ɗora masa wani sakakke da ya sauka ƙasan gwiwa, abokanmu suna yi mana tsiya wai muna sanye da tanti.

Hanyarmu ɗaya ce kusan kullum. Mukan taru a bakin ƙofar jami'a bayan sallar asuba, mu miƙi titin Oyo ta Orogun da Ojoo, mu wuce cibiyar binciken noma ta IITA, mu kai Moniya kafin 'yan tasi masu Micra da 'yan acaɓa su cika titi. Daga nan sai mu karya hagu mu hau hanyar Iseyin, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2021, kilomita 65 na kwalta mai santsi. Ba ma kai ƙarshenta. Zangonmu Ijaye ne, garin Kurunmi da Badun ta ci da yaƙi a 1862, inda wata mata ke gasa masara da ayaba a bakin hanya. Mu huta, mu juyo. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 60 ke nan, kuma a farko sai mu wuni kwance bayansa.

A kan hanyar nan muka gane cewa tafiyar taro da tafiyar mutum ɗaya ba su da haɗi. Babban abokin gabar mai keke a shimfiɗaɗɗen wuri iska ce, kuma wanda ya lafe a bayan ɗan'uwansa, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba, yakan rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe. Don haka ake jerawa, na gaba ya sha iska na 'yan mintoci, ya zame gefe ya koma baya, na biye ya karɓa. Na baya ba ya ganin titi, bayan na gabansa kawai yake gani, saboda haka wajibi ne na gaba ya nuna rami da yatsa, ya ɗaga murya in ya ga yashi ko akuya, kuma kada ya kuskura ya taka birki ba zato. Mutum yana miƙa haƙoransa da ƙashin wuyansa ga wanda jiya-jiya ya san shi. Muka kuma kafa doka guda, ba a rubuce ba: a kan kowane tudu a tsaya sai na ƙarshe ya iso.

Wata Asabar cikin Nuwamba, muna bakin ƙofa, tayar ɗayanmu ta sace. Muka ɗebi kusan rabin sa'a muna fama, mun saka sabon tub amma iska ta ƙi shiga, muna ta gardama da Hausa kan ko famfon ne ya lalace. Sai muka ji sallama. Wani dattijo ne da zai kai shekara sittin da 'yan kai, da 'yar shara da hula ƙube da ta sha wanki, a kan wani baƙin keke mai tsawo. Ya jingine shi, ya tsuguna, ya dubi bawul ɗin, siririn nan na kekunan tsere, ya murza ɗan kan da ke samansa da yatsu biyu, ya danna shi sau ɗaya ya yi fus, sa'annan ya miƙa wa mai famfo. “Malam, a kulle yake. Buga yanzu.” Da muka tashi tafiya ya tambayi inda muka nufa. Muka gaya masa. Ya yi shiru kaɗan, sai ya juya kan kekensa, wanda da ya fuskanci cikin gari, ya biyo mu.

Mun ɗauka a Ojoo zai tsaya. A Ijaye ya sauka tare da mu, ya saya wa kowa ruwan leda.

Ya kamata mu tsaya kan keken nan, domin mun daɗe ba mu ga irinsa da rai ba. Rali ne na ainihi, da kan zalɓen nan na tagulla a goshinsa, tambarin kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila, wanda ya taɓa samun wurin harhaɗa kekuna a Kano, kuma ya daina ƙera su a garinsa na asali tun 2002. Taya inci 28, birkin sanda ba na waya ba, giya ɗaya tak, sarƙa a rufe cikin gidanta, kariya mai ɗaukar buhu, sirdin fata da ya yi baƙi ya ɗauki siffar mai shi. Nauyinsa ya ninka na kowane keke a cikinmu. Baba ya ce tun zamanin Shagari ya saye shi, kuma in ban da firam da ƙaho da zalɓen babu abin da bai sauya ba, wani abin ma sau goma. Amma in yana tafe ba ka jin ƙarar komai sai shuuu ɗin taya a kan kwalta. Namu masu tsada kuwa wannan na ƙiƙi, wancan na ƙaƙas.

A shimfiɗe ba a barinsa da nisa. Yakan zauna tsaf, bayansa a miƙe kamar hakimi a kan doki, yana murza feda ba gaggawa ba tsayawa. A gangara nauyin kekensa kan kawo shi har tsakiyarmu. Hawa ne matsalarsa. Inda mu za mu sauke giya mu haye a zaune, shi sai ya miƙe ya yi ta tausa, in tudun ya yi tsanani ya sauka ya tura. Mu tsaya a sama muna shan ruwa, mu hango hularsa tana tasowa sannu a hankali, ya iso yana murmushi ya ce, “Sannunku da jira, samari.” Har malaminmu mai furfura samari yake ce masa. Ba da shiri ba ya zama mai tsaron bayan ayari: wanda duk tayarsa ta fashe ko ƙafarsa ta riƙe, ya san Baba yana tafe. Ɗayanmu mai nazarin tarihin fatake ya ce ai ayarin goro na Gwanja ma haka yake, akwai jagaba a gaba, amma lissafin mutane da dabbobi a wuyan madugu yake, shi ne ba ya barci sai ya tabbatar kowa ya shigo zango.

Da mun ɗauka hawan keke don nishaɗi baƙon abu ne da muka aro daga Turawa, har muna ɗan alfahari da hakan. Baba ne ya warware mana. Ya ce a ƙasar Haɗeja, da suna samari, su ashirin ko talatin sukan wanke kekuna ranar kasuwa ko ranar biki, a ɗaura musu furannin roba da madubai da ƙararrawa biyu-biyu, a jera a tafi rakiyar ango gari uku ko huɗu, ba don an rasa abin yi ba, sai don daɗin tafiyar da kuma 'yan mata su gani. Ya ce rabonsa da tafiya cikin jerin kekuna tun kafin ya sauko Kurmi, sai ranar da ya gan mu. Da ya faɗa sai muka tuna mu ma mun ga irin wannan da ƙuruciya, mun dai manta ne, ko kuwa ba mu taɓa lissafa shi cikin abin da ake kira wasanni ba.

Wajen gyara kuwa makaranta ce ya buɗe mana a gindin bishiyar mai masara. Mu a da in sarƙa ta yi ƙara sai mu tuttula mata baƙin mai. Ya ce mu daina. Mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙar su cinye haƙoran giya. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sa'annan a goge na waje tas da tsumma. Ya koya mana gwada tsufanta da rula: daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka gaɓa 24 inci 12 ne daidai, in ta zarce da abin da ya kai kaurin tsinken ashana to ta miƙe, a sauya ta tun ba ta ɓata sauran ba. Ya koya mana faci na gaskiya, a kankare tub, a shafa sholisho siriri, a jira ya bushe har ya daina ƙyalli kafin a manna, domin gaggawar mannawa ita ke sa faci ya tashi. Kuma kafin a mai da tub a zagaya cikin taya da yatsa a nemo ƙayar da ta yi ɓarnar. Wili in ya karkace, yakan kifa keken, ya juya tayar, ya kafa babban yatsa kusa da bakin rim yana saurare, ya ɗaure wannan waya kwata, ya sassauta waccan kwata, har ya miƙe. Ba ya karɓar ko sisi. Goro kawai muke kawo masa.

Ranar da babu mai mantawa cikin Janairun 2023 ce, hazo ya rufe gari. Akwai wani matashin likita a cikinmu mai keken da ya fi na kowa, firam ɗin kabon, giya 22. Muna dawowa, tsakanin Ijaye da Moniya inda babu gida babu rumfa, wata guntuwar waya da ke yashe a titi ta shige cikin ƙarfen nan mai sauya wa sarƙa mazauni, ta murɗe shi cikin wili, ɗan maratayinsa ya karye ƙas. Allah ya kiyaye bai faɗi ba. Muka kewaye keken, mu goma sha uku, da digirorinmu da jakunkunan kayan gyara, babu wanda ya san ta inda za a fara. Ana ta maganar a tare motar rake ko ta gawayi. Can sai ga Baba. Ya duba, ya kwance 'yar jakar fata da ke rataye a bayan sirdinsa, ya fito da ƙusa da wani noti, ya aiki ɗalibinmu ya samo dutse. Ya ɗora gaɓar sarƙa a kan notin, ya kafa ƙusa, ya buga a hankali har 'yar sandar gaɓar ta fito ba ta faɗi ba. Ya cire karyayyen ƙarfen gaba ɗaya ya miƙa wa likita, ya zaɓi giyar tsakiya inda sarƙa za ta tafi a miƙe, ya rage tsawonta daidai nan, ya mai da ita ya daddale. Sa'annan ya ce mu gaya masa da Turanci: “Yanzu kekenka ya zama irin nawa. Kada ka miƙe a kan feda, a zaune za ka je gida, kuma gobe ka sayi sabuwar sarƙa.” Ranar nan gaba ɗayanmu da tafiyar Baba muka shiga gari, shi da likita a gaba suna tura kekuna tare a kowane tudu.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, sai ga keke ya yi daraja a idon waɗanda ke yi mana kallon tausayi. Taronmu ya haura talatin. Sababbin zuwa yawancinsu matasa ne masu ƙarfi, ma'aikatan banki da 'yan kwamfuta, kowa da agogo ko waya mai auna gudu, kuma duk tafiyar da aka yi sai an ɗora ta a Strava, inda ake jera sunaye daga wanda ya fi sauri a kowane tudu. Tsayawa a kan tudu na ɓata lissafin. Ba za mu yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne, kuma mu ma abin ya shige mu. Wanda bai taɓa jin daɗin jeri mai gudun kilomita 35 a sa'a ba, taya na bin taya, numfashi ya zama ɗaya, ba zai gane yadda yake sa maye ba. Sa'annan a Yulin 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ya tafi da koriyar riga, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar nan da aka fara tun 1903. A wata mai biye kuma muka kalli Ese Ukpeseraye, ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik, a Faris, har da keken da ta aro wurin Jamusawa. Kowa a cikinmu ya ji shi ma ɗan tsere ne da aka haifa a makare.

A dandalinmu na WhatsApp aka yanke shawarar. Asabar ta ƙarshen Agusta za a kai Iseyin a dawo, fiye da kilomita 150, kuma saboda rana ba za a yi jiran tudu ba, wanda ya gaza ya juya. Baba ba ya cikin dandalin, wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. Likitan nan, Allah ya saka masa, shi kaɗai ya tambaya, to Baba fa? Aka ce ai ga 'yan'uwansa Hausawa, su yi masa bayani ya huta wannan makon. Muka amsa da to.

Ba mu gaya masa ba. Mun sha zama mu biyar muna bin diddigin yadda aka yi, kuma amsar ba ta da daɗin ji. Babu wanda ke da lambarsa. Kullum shi ke zuwa. Da safiyar ranar kuma, da ya iso ya yi sallama ya bi mu ɗaya-ɗaya da gaisuwa, ya matsa tayar kowa da yatsa kamar yadda ya saba, malamai suka dubi ɗalibai, ɗalibai suka dubi ƙasa. Yaya za a dubi dattijo a ce masa yau ba da kai ba? A lokacin kara muka kira abin. Yaro ba ya sallamar babba, babba kuma yana jin nauyin wanda ya girme shi. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa, har aka busa usur.

Har Moniya yana tare da mu, domin cunkoso ba ya barin gudu. Da aka hau hanyar Iseyin sai na gaba suka buɗe wuta. A tudun farko, inda shekara biyu ba mu taɓa wucewa ba mu tsaya ba, jerin ya haye ya zarce. Dukanmu biyar mun waiwaya, wannan mun tabbatar wa juna daga baya. Mun hango shi can ƙasa, ya sauka yana turawa, kansa a sunkuye, bai ma san ba a tsaya ba. Tazara ta fara buɗewa tsakaninmu da tayar gaba, kuma wanda ya saki jeri a irin wannan gudu ba ya sake kamo shi. Muka sunkuya muka taka.

Da la'asar sakaliya muka dawo ta Ijaye, ƙafafu kamar ba namu ba. Mai masara ta tare mu da Yarbanci, abokinmu yana fassarawa. Ta ce Baba ya iso da hantsi, ya tambaya, ta ce mun wuce tuntuni. Ya zauna har rana ta take tsaka, wai ko wani zai sami matsala ya juyo. Da zai tafi ya sayi ruwa jaka guda ya ce ta ajiye mana a inuwa. Ta janyo jakar daga ƙarƙashin tebur. Muna jin ƙishirwa ƙwarai, muka sha.

Asabar ta biye bai zo ba, haka wadda ta biyo ta. Muka ce ko ba shi da lafiya, muka ce ko ya yi tafiya gida. A ta huɗu ne ma'aikacin laburarenmu ya ce mu daina yaudarar kanmu, mu je mu same shi. Nan muka tarar da abin da ya fi komai ba mu kunya: ba mu san sunansa ba. Kusan shekara biyu muna cin moriyar hannunsa, Baba kawai muka sani, sai kuma cewa yana zaune a Sabo.

Sabon Badun ba ƙaramar unguwa ba ce, tun 1916 Hausawa ke zaune a cikinta, kuma Baba a can ya fi a ƙirga. Muka tura kekunanmu lungu-lungu, yara na bin mu, har wani mai faci kusa da gangaren Mokola ya ce, “Mai Rali? Mai gadin nan?” Daga bakinsa muka ji cewa gadin dare yake yi a wani gida wajen Orogun. Wato duk Asabar ɗin nan daga wurin aiki yake, bai runtsa ba, hanyar gida yake a ranar da ya fara ganinmu ya juya.

Muka same shi a wata rumfa bayan masallaci, ya kifa keken wani yaro yana ɗaure masa wili. Ya tashi da fara'a, ya sa aka kawo benci, ya fasa goro ya rarraba. Ya tambayi likita, ya tambayi mai hawan jini, ya tambayi mai masara. Babbanmu ya gyara murya ya fara, “Baba, wato ranar nan...” Sai ya ɗaga hannu.

“Ai na ga ƙurarku, Malam. Kun dai isa Iseyin ɗin?”

Muka ce mun isa.

“To madalla. Ni shekara arba'in ina jin sunan garin ban taɓa zuwa ba. An ce masaƙa ne da su, har yanzu suna saƙar hannu a ƙofar gida kamar namu na da. Kun gan su?”

Muka dubi juna. A gidan man farko na bakin gari muka tsaya, muka ɗauki hoto da allon da ke ɗauke da sunan garin, muka sha lemo a tsaye, muka juyo domin kada lissafin gudu ya faɗi. Ɗalibinmu ya ce, “Ba mu shiga ciki ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai, bai ce komai ba. Muka roƙe shi ya dawo, muka ce an mai da dokar jira, wanda gaskiya ne, ko da yake yanzu taron ya rabu biyu, masu gudu da masu jira, kuma masu jiran ba su cika yawa ba. Ya ce gwiwa ta fara ba shi labari, sai dai in Allah ya nufa. Yana maganar idonsa yana kan keken babbanmu da ke jingine a bango. Ya miƙa hannu ya kama sarƙar ta gaban babbar giya, ya ja ta, ta ɗago har ana hango haske a ƙarƙashinta. Ya dubi baƙin da ya shafe masa yatsu.

“Malam, yaushe rabonka da wanke ta?”

Malam ya ce an kwana biyu.

“Ta miƙe. Ka kawo ta ranar Talata bayan azahar, ka taho da kananzir.”